Katifar da Ta Ƙi Shiga Ɗakina

Zuwa ga ɗana Sani, a Legas.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya mai ɗakinka da yara, da zaman baƙunta? Mu nan Ƙofar Mata lafiya lau, in ban da abin da ka jawo mini.

Tun soja na mulki nake kukan ciwon baya, har ga shi sun sauka farar hula sun hau, ba wanda ya saurare ni. Abin da na roƙa kawai, a kira mai katifa ya farke tawa ya ƙara mata audugar rimi. Sai ka sa ƙanenka Bala ya je kasuwa ya zaɓo wata ƙatuwar ta soso, wai sunanta "kwin saiz". Ko ɗakin bai auna ba.

Da ƙyar ta ratso lungu, ta wuce zaure a lanƙwashe, amma ƙofar ɗakina ta ƙi ta. Tana nan jingine a tsakar gida, awaki na cin ledarta. Tawa kuwa Bala ya riga ya kyautar, a tabarma nake kwana. Yanzu wai ranar Asabar zai kawo magini a fasa ƙofar. Ƙofar da kakanka ya gina da hannunsa za a fasa saboda soso? Na ce masa sai dai a fasa ina tsaye a cikinta.

Ka gai da iyalinka, ku sa ni a addu'a. Amma kafin Asabar ina son amsa daga bakinka, ba ta bakin Bala ba: wa aka ba katifata, kuma yaushe za a dawo mini da ita?

Babanka,
Malam Ado