Kartar Farko a Teburin Kaka

Kafanchan, Asabar da dare

Baba Yohanna yana asibiti, shi ne Kaka ya ba ni kujerarsa a wasan karta na birij, in na iya in riƙe ta. Aka kira wasan da babu kalar da ke yanka wata, kuma ni zan fara jefawa. Kaka ya sha gaya min in fara da kalar da ta fi yawa a hannuna. A littattafan soyayya yarinya zuciyarta take bi, ni kuwa tsoro na bi, na jefa babbar kartata. Aka cinye mu.

Sai a ƙofar gida Kaka ya yi magana. "Rahila, Yohanna ma shekara biyu ya yi yana wannan kuskuren."

Bai dai ce in koma ba.