Rawayar Takarda a Ƙofarmu

Litinin, 6 ga Oktoba

"Duk gidan da muka rufe saboda annobar nan, ba zai kwana biyu ba sai abinci da magani sun same shi har ƙofa." Kwamishinan lafiya na jiha ne ya faɗa a rediyo makon jiya. Na rubuta yadda ya faɗa, kalma kalma. Shekara ashirin da biyu ina gyaran rubutu a maɗaba'a, na san abin da ba a rubuta ba gobe sai a ce ba a faɗa ba.

Yau aka rufe namu. Gwajin ɗana Auta ya nuna yana ɗauke da cutar, suka tafi da shi cibiyar killacewa da 'yar jakarsa. Saura ni da Inna, kwana goma sha huɗu, ba shiga ba fita. Wani ma'aikaci da ya rufe jiki ruf, ido kawai ake gani, ya manna rawayar takarda a ƙofa, ya ce, "Mama, kar a taɓa wannan, da ita motar tallafi ke gane gida." Motar tana zuwa Litinin da Alhamis. A cikinta akwai nas da za ta karɓi katin asibitin Inna, ta kawo maganin zuciyarta washegari. Sai a kantin asibiti ake samunsa, kuma sai da kati.

Takardar nan na san ta. A wurinmu aka buga, ni na gyara ta. Kuskure uku na cire musu.

Ƙwayoyin Inna saura goma, ɗaya kullum.

Talata, 7 ga Oktoba

Masu feshi sun zo, su uku, da tankuna a baya. Sun feshe bango, sun feshe ƙofa, sun feshe har tukunyar furen da ta mutu tun bara. Inna ta ce, "Yaran nan akwai ƙwazo, ko kyankyaso ba zai ƙara sallama a gidan nan ba." Warin bai bar ni na karanta komai ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kwana biyun sun cika. Ba kowa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Motar ta zo. Ina tagar bene ina kallo. Ta tsaya gidan tela da aka rufe jiya, aka sauke buhu da kwali. Ta zo daidai namu, direban ya leƙo, ya wuce abinsa. Na yi kira har muryata ta shaƙe, gilashinsu a rufe.

Sai ga Sarkin Ƙara ya fito daga shagonsa na walda da ke fuskantarmu. Ya ɗago wani abu fari a kan tsinke, kamar tsumma.

"Malama! Takardarku ce. Ta narke!"

Ruwan feshin ya cinye rawayar, ya wanke tawadar, ya saki gam ɗin. Ke nan ofishi ɗaya ya manna, na biyu ya zo ya wanke, na uku ya zo bai ga komai ba. Dukansu sun yi aikinsu tsakani da Allah.

Na tuna ranar da manajanmu ya zaɓi takardar mai araha. Ina wurin. Ina can ina faɗa da mai tsara shafi a kan inda waƙafi zai zauna.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Lambar gaggawa. A kira na goma sha ɗaya wata yarinya ta ɗauka, muryarta kamar ba ta karya ba.

Na yi mata bayani a tsare. Ta ce in yi haƙuri, motar tallafi ba ta tsayawa sai ta ga takarda. Na ce to a kawo wata. Ta ce masu gwaji ne kaɗai ke manna takarda. Na ce a turo su. Ta ce ba sa komawa gidan da suka riga suka je.

"Sai dai idan an samu sabon wanda ya kamu a gidan, Mama."

"To ni zan kamu ko tsohuwar? Wanne ya fi muku sauƙi?"

Can ta ce, "Wallahi Mama, ke ce ta tara yau." Ban ƙara mata ba. Ba ita ta sayi gam ɗin ba.

Auta ya kira, zazzaɓin ya sauka. Ya tambaya ko an kawo kaya, na ce an kusa.

Asabar, 11 ga Oktoba

In rubuta don kar in manta wane ne Sarkin Ƙara. Shekara shida yana gurza ƙarfe a kunnena, ni kuwa rabin aikina a gida nake yi. Sau uku na kai ƙararsa ofishin unguwa, da kwafi da ranaku. Ta huɗu tana cikin durowa, shafi bakwai, ban kai ba annoba ta zo. Ba ma gaisawa.

Yau ya tsaya tsakiyar titi, ya ce in zuro bokiti da igiya. Na zura, don shinkafarmu ta kai gindin tukunya. Ya dawo da burodi, ƙwai shida, albasa, da sabulu. Sannan ya ce shi ke haɗa gadajen ƙarfe na cibiyar, yana da takardar izinin wucewa shingen da aka kafa a unguwa, asibitin kuma a hanyarsa yake.

"Ki saka katin Inna a bokitin, gobe in karɓo."

Na ce a'a, na gode. Kati ɗaya ne, in ya ɓata sai an sake buɗe fayil. Kuma akwai waɗanda suka yi alkawari a rediyo, su za su cika shi.

Ya ce, "To, Allah Ya ba kwamishina ikon tunawa," ya koma shago.

Inna ta ji komai. Ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama in kika ce hanya ta nan take, ko rijiya ce a gaba sai kin bi. Zuciyar tawa ce ko taki?" Na ce ta sha shayinta.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Sarkin Ƙara ne ya zaga ya duba, ya faɗo mini daga ƙasa: gida bakwai a layin nan an rufe, an feshe, ƙofa fes. Har da gidan mai wanki, da jaririnta na wata biyu.

Na san abin da takardar ta ce har da waƙafin. Na rubuta bakwai da hannuna, manyan baƙaƙe, na ƙara a ƙasa: "Ta asali feshinku ya wanke. Wannan madadinta ce." Ban yi ƙaryar tambari ba. Farar takarda ta ƙare a gidan, sai na yi amfani da bayan waɗancan shafuka bakwai na cikin durowa. Takarda ce kawai. Shi ya saka kowace a leda ya buga da ƙusa. Ban sani ba ko ya juya bayan ya karanta. Na dai ji yana dariya a ƙofar mai wanki.

Litinin, 13 ga Oktoba

Motar ta tsaya. Direban ya sauko, ya karanta har ƙarshe yana motsa baki, ya ce, "Rubutu ya yi kyau, Mama, amma ba rawaya ba ce, kuma ba tambari." Nas ɗin ta ɗago ta kalle ni, ta tafa hannu a hankali, ta ce in ta karɓi kati daga gidan da babu a tsari, ita za a tuhuma.

Na ce, "'Yar nan, ga ni kina gani, a rufe."

Ta ce, "Na gani, Mama."

Suka tafi. Ko sun karɓa ranar Alhamis, sai Juma'a magani zai zo. Ƙwayoyin za su ƙare Alhamis.

Da yamma kwamishina ya ce a rediyo an kai wa kashi casa'in cikin ɗari na gidajen da ke da takarda. Jimlar ba kuskure a cikinta. Da ni aka ba in gyara, ba abin da zan taɓa.

Talata, 14 ga Oktoba

Na shiga ɗaki na tarar da Inna tana raba ƙwaya gida biyu da wuƙar yanka albasa. Ta ce tun Asabar take shan rabi, don kar ta matsa mini. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin ba ya shiga.

Na karɓi wuƙar na wanke.

Laraba, 15 ga Oktoba

Da safe na saka katin a leda biyu, na ɗaure, na zura bokiti. Sarkin Ƙara bai tayar mini da zancen Asabar ba. Cewa kawai ya yi, "A gaida Inna." Kafin la'asar ya dawo da maganin wata guda da katin, har da saƙon likita cewa kar ta ƙara raba ƙwaya. Awa huɗu ya yi a layi. Inna ta leƙa taga ta shi masa albarka har da kakanninsa, ni na ce an gode. Na faɗa da ƙarfi, ya ji.

Saura gida shida, da jaririn mai wanki.

Na kira yarinyar lambar gaggawa. Na tambaye ta ko ta ci abinci, sannan na ce ta rubuta: ina ba su zuwa gobe Alhamis, sha biyun rana, motar ta tsaya a ƙofofin nan ko da takarda ko babu. In ba ta tsaya ba, ranar Litinin da za a buɗe ni, ba maɗaba'a zan fara zuwa ba. Ofishin kwamishina zan tafi da narkakkiyar takardar a leda, in ɗora masa a tebur, in karanta masa maganarsa ta rediyo kalma kalma, in zauna har sai ya aika a kawo gam mai kyau. Ta ce, "Mama, in sa sunanki?" Na ce ta sa, da manyan baƙaƙe.

Maƙwabci ya ce zai kai ni a babur ɗinsa. Ban ce e ba.

Yana can yana gurza ƙafafun gado. Tagar a buɗe take, saboda zafi.