Hotunan Cinyarka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Inna lafiya lau, sai ciwon baya. Sojoji sun koma bariki, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya zama kansila. Ni kuma na gama karatun gashin ƙashi, ina jiran gurbin aikin horo.

Ka tuna ranar da na ɗauko ka daga Tarauni zuwa asibiti don binciken kammala karatuna? Na ɗaure ƙafarka a jikin kujera, na ɗora na'urar hoton ciki a cinyarka, na sa ka tura da ƙarfi. Ƙafar ba ta gusa ba, amma a allo zaruruwan tsokar suka gajarce, suka ƙara karkata, jijiyar gwiwa ta ɗan miƙe. Ka yi dariya, wai na mai da kai mai juna biyu. Na auna ka, na kuma aunawa, don ina tsoron kuskure.

Mutum uku kaɗai na samu: kai, da abokan ƙwallonka biyu. Haka na rubuta.

Shekaranjiya malamin da ya duba aikin ya kira ni ofishinsa a Gyaɗi-Gyaɗi. Zai buga shi a mujalla. Na buɗe kwafin da ya ba ni, sai na ga mutum uku sun zama jerin mutane. Hotunanka ya rarraba, ya ba kowanne shekaru da nauyi na ƙarya. Na gane ka da tabon nan na faɗuwar babur, wanda yake fitowa fari a hoto. Yana jikin mutum biyar, Yaya. Har ya rubuta cewa an sake auna su a watan da muka kai ka makwanci.

Ya miƙo min biro, ya ambaci gurbin horon. Na sa hannu a takardar amincewa. Har godiya na yi masa. Wane irin ƙane ne wannan? Na fito na kama hanyar gida.

Ainihin littafin awon yana wurina, da kwanan wata da rubutun hannuna. Gobe da safe zan kai wa shugaban sashe. Mai yiwuwa gurbin ya tafi. Ban faɗa wa Inna ba tukuna.

Allah ya haskaka kabarinka. Ka yafe min.

Ƙaninka,
Kabiru