Farar Ƙubbar Brasiliya

Daren Laraba, Aziziyya, Jidda

Na dawo lafiya, alhamdulillahi. Ƙafafuna sun kumbura a jirgi, barci kuma ya ƙi zuwa.

Da yamma na je unguwar Balad gaida Ummi. Idonta ya ƙara rauni. Ta ture wayar da na miƙa mata, ta ce, "Halas, ya isa, ajiye hotunan nan, ba ni labari da baki."

Sai na ba ta na ƙubbar. Ranar da kafili, maigidan da nake wa aiki, ya shiga taro a Brasiliya, na yi ta yawo ina kallon gine-ginen siminti masu lanƙwasa kamar da hannu aka tanƙwara su. La'asar ta yi, sai ga wata farar ƙubba a tsakiyar fili, kyakkyawa, ba ado ko ɗaya. Ga wanda ya tashi a Jidda, me farar ƙubba za ta zama? Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa ina neman wurin alwala. Ashe gidan kayan tarihi ne. Mai gadin ba ya jin Larabci, amma da na ɗaga hannu kamar mai kabbara ya gane. Ya kai ni famfo, ya nuna mini inuwar ginin, ya tsaya kusa da takalmina har na sallame.

Ummi ta yi dariya har da hawaye. Rabona da jin dariyarta tun rasuwar Abba.

Ta ce, "To ka yi wa maginin addu'a?"

Ban yi ba. Bari in tashi in yi masa, shi da mai gadin.