Rabon Baba Yana Kan Firji

Yaya Kun-hai,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya yara? Saƙonka ya iso: an tsinci jirgin kamun kifin Baba a teku, ba kowa ciki.

Lafiyata ƙalau a nan Nagoya. Ka ce wa Mama ina cin abinci.

Jiya na yi gua bao na ƙarshen shekara, burodin nan da ake cusa wa nama, kamar yadda muka saba a gida. Na turara burodi, na dafa naman alade har ya yi laushi. Ina cire kitse sai na ji muryar Baba a bayana: "Ke 'yar birni, mayar mini da kitsena! Tsoka zalla ai ta majinyata ce." Na waiwaya, tururi kawai na gani.

Na haɗa masa nasa da kitsen, sai na rasa inda zan ajiye: a teburin cin abinci, ko gaban turaren wuta inda ake ajiye wa marigayiya Kaka? Yana nan kan firji, a rufe.

Kada Mama ta kunna masa turaren mamata tukuna. Gawar da ka ce an gani kusa da tashar jiragen ruwa ta Suao, har yanzu ba a tabbatar ko ta wane ne ba.

Ƙanwarka,
Hsiu-lan