Soson Daɓen Jirgin Maigida

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da su Auta. Yaya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Inna, ba don in tayar miki da hankali ba, amma aikinmu yana rawa. Jirgin ruwan da Kawu ke kula wa Maigida da shi shekara ashirin, daɓensa akwai shimfiɗar soso da ake liƙawa da gam don kada ƙafa ta zame. Sau biyu Kawu yana liƙa ta tana ɗagowa. Ran Asabar gefenta ɗaya ya kama takalmin matar Maigida, saura kaɗan ta faɗa ruwa. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ce kawai idan ta sake ɗagowa zai kai jirgin wurin wani mai gyara. Kin san yayanki, ya ɗora wa gam laifi, wai na yanzu duk ruwa ne. Ni dai shara da miƙa kaya ne nawa.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki, Dogo

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da addu'a.

Jiya na ɗaga soson ina kallo. Tsohon gam yana nan a ƙasa, ya bushe dunƙule-dunƙule, sabon kuma an shafa a kansa. Ta ina zai kama? Ga shi Kawu ya rantse ya kankare wurin tas. Kawu ba ya ƙarya a kan aiki, sai na koma lura da shi. Da agogo a hannunsa yake tambayata lokaci. In zai zuba shayi sai ya sa yatsa a bakin kofi. Inna, idonsa ne. Launin gam da na daɓen kusan ɗaya ne, ba ya rabe su.

Na rasa yadda zan yi. In na faɗa wa Maigida, na tona asirin wanda ya riƙe ni. In na yi shiru, jirgin zai tafi, wataƙila ma wani ya ji ciwo kafin nan.

Ɗanki, Dogo

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kowa lafiya.

Na sami Kawu na roƙe shi ya koya mini liƙi, na ce shara ta ishe ni. Ya yi dariya ya ce ashe ina da zuciya, shi a zatonsa tsawo kawai na iya. Kwana biyu ina durƙushe da wuƙa ina kankara. In na ce na gama, sai ya bi wurin da tafin hannu ya gano inda na tsallake. Muka goge, muka bar rana ta busar, na shafa gam a daɓe da bayan soso. Na yi saurin haɗawa ya buge mini hannu. Sai an jira ya sha iska tukuna. Da bayan yatsa yake taɓawa, in ya daina biyo fata, lokaci ya yi. Wannan kam ba wanda ya kai shi. Ni na daidaita layi, shi ya danne, muka ɗora buhunan yashi.

Sati uku ke nan, ga ruwa ga rana, ko kusurwa ɗaya ba ta motsa ba. Maigida ya taka ko'ina, har da sa farce, ya ce jirgi na nan a hannun Kawu.

Da muna wanke hannu, Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ran Talata in raka shi wurin likitan ido. Ya kuma ce kada in gaya miki, wai za ki cika masa kunne. Na ce to. Don Allah in ya zo gida ki yi kamar ba ki sani ba.

Ki gaida Auta.

Ɗanki mai ƙaunarki, Dogo