Takwaranka Yana Tafe, Sule

Zuwa ga aminina Sule Mai Faci,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da duk mutanen Rafin Marke. Ni ne Haladu, wanda ya tafi aikin Hajji ya ƙi dawowa. Lambar wayarka da nake da ita ta daɗe da daina shiga, shi ya sa na rubuta maka a fili a shafina. Duk wanda ya gani ya san inda kake, don Allah ya kai maka, ko ya karanta maka idan idon ya fara gardama.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. An kama takwaranka. Ɗana na fari, wanda na sa wa sunanka, yana gidan tarhil, inda ake tsare marasa takardar zama kafin a mayar da su ƙasarsu. Za a sa shi a jirgin Kano, ba a gaya mana ranar ba. A nan Makka aka haife shi, ga shi har ya fara gemu bai taɓa taka Najeriya ba. Iyayena sun rasu, ƙannena kowa ya kama gabansa. Idan ya sauka ba shi da wanda zai nema sai kai.

Tun da abin ya faru zama ya gagare ni. Ina ta safa da marwa tsakanin ɗakinmu na unguwar Mansur da bakin titi. In hau keken ɗinki, in sauka ban ɗinka komai ba. In nufi Harami, kafin in kai unguwar Misfala na juyo, wai kada a kira ba na kusa, alhali wayar tana aljihuna. Uwarsa ta ce surutuna ne ya ja mana, kuma na kasa musa mata.

Ka san garin nan dutse ne da kwalta da dogon gini. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba ya nisa da unguwa. To idan zaman ɗaki ya ishi yara, ni abin da nake da shi na ba su shi ne hanyarmu ta Rafin Marke, a labari. Na ba su ita har ƙannensa mata suna toshe kunne. Shi kuwa kullum sai ya ce in sake.

Ina fara masa daga kasuwar Tudun Wada, inda muke ɗaure buhun gishiri a kariyar kekunanmu mu bar kwalta mu hau burji. Gargadar nan da ke sa haƙoran mutum kaɗawa, kai kana waƙa a kanta don ka ji muryarka tana rawa. Kana ganin kanka zabiya, ni kuwa na sha gaya maka ko jaki ba zai tsaya saurarenka ba.

Daga nan sai gangaren fadama, rake a dama, albasa a hagu, da ƙamshin danshi tun kafin a hango ruwa. A nan yashi yake. Kullum sai ka ce mini, “Kada ka taɓa birki a cikin yashi, saki kan keken ya nemi hanyarsa.” Ni da taurin kai na taka, na tashi sama ni da gishirin, matan da ke wanki a bakin gulbi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kai ma sai da ka gama taka dariyar sannan ka ɗaga ni.

Da rani mu saɓa kekunan a kafaɗa mu ratsa ruwa iya gwiwa. Da damina sai mai fito. Sannan daji, inda sanyi ke saukar wa mutum kamar ya shiga ɗakin ƙasa, saiwoyi sun gitta hanya, birai suna kallonmu daga kan kanya ba ko kunya. Idan muka fita sai fako, sabara da geza iya ganinka, ga tsidau yana jiran taya. Ranar da gam ɗinka ya ƙare ka cusa wa tayata ciyawa ta cika tam, na hau a haka har gida. Wannan labarin takwaranka bai taɓa yarda da shi ba, ya ce ƙari nake yi.

Da ya tasa sai ya sayi tsohon keke, yana kai wa masu sayar da masa da tuwo na Mansur abincinsu zuwa masaukan alhazai na Kudai. Ya sa masa tayoyi masu kauri, wai kwalta ba ta da daɗin hawa. Kwanakin baya aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ji ana cewa wani kwari a bayan gari ya kawo ruwa yana gudu. Bai gaya wa kowa ba, ya hau ya tafi ya ga gulbi, ya taka tsakuwa da yashi irin na labarina. A hanyar dawowa ya faɗa hannun masu binciken takardu. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi. Shi ma na rasa yadda zan ga nasa.

Jiya da hantsi ya kira ni da wayar wani. Na shirya jin kuka, na shirya rarrashi. Bai nemi kaya ba, bai nemi komai ba. Da Hausarsa mai rabin Larabci ya ce, “Abuya, idan na haye gulbin, dama zan bi ko hagu?”

Sule, ka ji inda ya kama ni. Na san akwai mararraba a bayan gulbin, ɗaya ta shiga daji ta kai Rafin Marke, ɗaya ta yi rugagen Fulani ta ɓace. Amma wacce ce tamu, ban sani ba. Ashe duk shekarun nan ban taɓa shiga gaba ba. Tayarka ta baya kawai nake kallo. Idan ka yi mini nisa sai ka karyo reshen sabara ka jefa a bakin hanyar da ba ita ba, ka kashe ta, ni kuwa in bi ɗayar ko tunani ba na yi. Na yi ta koya wa yaro hanyar da ni kaina bin baya na yi a kanta. Na ce masa idan ya isa ya tambaye ka.

Don haka ga roƙona. Ka sa a riƙa sauraren jiragen da ke kawo mutanenmu. Dogo ne, siriri, yana da wushirya irin tawa, da tabo a haɓa wanda keken ya ba shi. Idan ya gaishe ka a tsaye kada ka ɗauka raini ne, haka suka tashi a nan. Idan Hausa ta maƙale masa ku yi haƙuri, kada samari su mai da shi abin dariya. Cikinsa bai saba da ruwan rijiya ba, a tafasa masa na farko-farko.

Na ji an ce dajin ya lalace, ɓarayin shanu sun sami wurin zama. Idan haka ne kada ka bi da shi ta can ko zai yi fushi, ku zagaya. Idan kuwa hanya ta yi kyau, ka aro masa keke. In gwiwa ta hana ka hawa, ka sa ɗaya daga cikin 'ya'yanka. A dai shiga gabansa.

Ni ba zan iya biyo shi yanzu ba. Ga uwarsa ga ƙannensa, kuma wanda ya fita ta ƙofar tarhil ba ya dawowa da wuri. Kullum ina auna tafiya da zama, kowanne na ɗauka sai ya yi mini nauyi.

Ina jin tsoro, Sule, kuma ina kewarka. Abin da ya fi hana ni sakat shi ne ban ma san ko kana raye ba. Na tambayi alhazan yankinmu bara, wani ya ce ya ganka a rumfarka, wani ya ce rumfar ta zama shagon cajin waya. Amma ni na riga na gaya wa yaron kana nan kana jiransa, kuma na ji yadda muryarsa ta kwanta da na faɗa. Kada ka ƙaryata ni.

Allah ya sa wasiƙar nan ta same ka da rai da lafiya. Allah ya sauke shi lafiya, ya haɗa shi da kai, ya tsare muku hanya gaba da baya. Allah ya sake haɗa fuskokinmu, in ba a nan ba to a inda ya fi nan. Amin.

Naka har kullum,
Haladu Tela, daga Mansur, Makka.